Yatsun Wata a Sunan Ummulkhairi

Ranar da Ummulkhairi ta gama wankan jego, mijinta Nasiru ya ɗora ta a babur ya kai ta cibiyar rajistar zaɓe. Tun tana da tsohon ciki ta cike komai ta intanet a shagon Wasila, abin da ya rage kawai a ɗauki yatsunta. Ma'aikacin ya danna na'urarsa, ya sake dannawa, sannan ya ce ai wannan rajista an kammala ta tuni, an ɗauki hoto, an ɗauki yatsu. Ummulkhairi ta rantse tun da ta haihu ko ƙofar gida ba ta taka ba. Ya ce to wata ce ta zo da sunanta, kuma shi ba shi da ikon nuna musu fuskar sai an shigar da ƙara a rubuce, 'yan sanda sun shigo maganar.

Kafin azahar Tudun Wada ta ɗauka. Da la'asar kuwa an riga an yanke hukunci a bakin famfo da wurin masu shayi: Wasila ce ke sayar wa 'yan siyasa sunayen matan unguwa.

Wasila ɗiyar ƙawata ce da Allah ya yi wa rasuwa, a gabana ta tashi. Shagonta ɗan tsukuku ne a layin masu walda, kwamfuta ɗaya da injin buga takarda da benci. Mazan da ba za su bar matansu su buɗe fuska a gaban wani namiji ya ɗauki hoto ba, wurinta suke turo su. Don haka sunan kowace mace da ranar haihuwarta da hotonta suna hannunta, kuma abin da ya ja mata ke nan. Matan da ta zauna tana lallaɓa su su yi murmushi a gaban kyamara, su ne na ji da kunnena suna kiranta ɓarauniyar suna. Wallahi raina ya ɓaci, har sai da na zagi wata da ba a zagi.

Ni ce Ladi dillaliya. Babu gidan da ba na shiga da ƙullin atamfa a unguwar nan, kuma ba a san ni da haɗiye magana ba.

* * *

Nasiru ya so a kira 'yan sanda a ranar. Mai unguwa ya karɓi mabuɗin shagon ya sa a aljihu, ya ce a dakata zuwa Juma'a. In ba a gano komai ba, shi da kansa zai raka Nasiru a shigar da ƙara. Kowa ya san wadda za a fara jefawa a bayan mota in aka kai nan. Yarinya marainiya da ba ta da kowa sai shagon nan da sunanta, in ta kwana a caji ofis ko da an wanke ta daga baya, ta gama sana'a a Tudun Wada.

Sai mai unguwa ya aika aka kira Mode.

Mode ɗan kawuna ne, taubashina, don haka ina da lasin faɗa masa abin da na ga dama. A ƙuruciyarsa shi ake kira in an sace shanu, ya bi sawu daga bakin kara har cikin daji tare da 'yan banga. Yanzu gadi yake yi a wani sito na hatsi a Sama Road, ya tsufa, ya rame, yana tafiya kansa a ƙasa kamar wanda allurarsa ta faɗi. Na ce masa wannan karon an kira shi ya sha kunya, don intanet ba ta da turɓaya balle a ga kofato.

Ya ce shi bai san intanet ba, kuma ba ya son saninta. Amma wadda ta ba da yatsun nan ba ta waya ta bi ba, ƙafa ta ɗauko ta daga wani gida ta kai ta cibiyar, ƙafa ta mayar da ita. Matsalarsa ɗaya, gidajen da zai nema duk ba a shiga.

"Ke za ki shiga ki gano min," in ji shi. "Amma ido nika so, Ladi, ba baki ba."

Na ce bawa ba ya ba uwargijiyarsa umarni, amma saboda Wasila zan yi.

* * *

Mun sami Wasila a ɗakinta ta yi kuka har idanunta sun kumbura. Mode ya zauna a dakalin waje, ita tana daga bakin ƙofa. Bai tambaye ta ko ta yi ko ba ta yi ba. Ya ce ta faɗa masa yadda aikin yake, kamar tana koya wa tsoho.

Ta ce mace takan zo, sai ta buɗe shafin hukumar, ta tambaye ta wace shaida gare ta da za ta nuna ita ce ita: katin ɗan ƙasa, ko takardar haihuwa, ko lasin tuƙi, ko fasfo. Sai ta cike suna da unguwa, ta ɗauki hoto, ta buga wata 'yar takarda mai ɗauke da ƙaramin hoton da ranar da za a je ɗaukar yatsu. Daga nan aikinta ya ƙare. Abu ɗaya take ƙarawa da bakinta ga kowace mace, kada ta kuskura ta yi lalle a hannu kafin ranar, don lalle yana rufe zanen yatsa, na'ura ta yi ta ƙin karɓa.

Mode ya tambayi takardar da Ummulkhairi ta je da ita cibiyar. Wasila ta ce ta biyu ce. Ta farko ta ɓace a ɗakin jego, Nasiru ya zo ta sake buga musu wata.

"In kina son takardag ga, sau nawa kika iya buga ta?"

"Ko sau ɗari, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya miƙe. A hanya ya ce mini wadda injin yake shagonta ba ta da dalilin sato takarda a ɗakin jegon wata. Na ce to shi ke nan mu je mu faɗa wa mai unguwa. Ya ce in je in faɗa, in ga ko mutum ɗaya zai yarda, ai cewa za su yi ɓera ne ya ja takardar.

* * *

Ni tun farko Aminullahi na zarga, kuma ba ni kaɗai ba. Yaron jam'iyya ne, yana yawo da hula mai hoton ɗan takara, yana bin gida-gida yana tambayar wa ya yi rajista wa bai yi ba. An gan shi a shagon Wasila ba sau ɗaya ba. Mun same shi wajen mai shayi, ya ga Mode ya fara rantse-rantse tun ba a tambaye shi ba.

Ya amsa cewa ya taɓa roƙon Wasila ta ba shi sunaye da lambobin waya don a riƙa tura wa mata saƙon kamfe. Ta kore shi da tsintsiya a gaban mutane, ga masu walda nan a tambaye su. Ya ce shi in yana son ƙuri'a, ai ta Ummulkhairi tasa ce tun da daɗewa, Nasiru ɗan jam'iyyarsu ne na gani-kashe-ni. Me zai sa ya sace abin da za a kawo masa har gida?

Mode ya dubi takalmin Aminullahi, ya dubi nasa, ya ce masa ya sha shayinsa. Ni kam na ji haushi, don na so a ce shi ne. Da shi ne da komai ya zo da sauƙi, kowa ya tsine masa a wuce wurin.

* * *

Washegari na ɗauki ƙullina na shiga gidan Nasiru, Mode ya zauna a zaure yana jan carbi. Ummulkhairi ta tarbe ni da jaririn a kafaɗa, duk ta yi sanyi. Ta ce a ƙarƙashin katifa ta sa takardar. Ranar da aka rubuta mata ta faɗo jim kaɗan bayan suna, tana tsakiyar jego, sai ta bar shi a kan in ta yi wanka ta je. Maza ba sa shiga ɗakin, ko Nasiru daga bakin ƙofa yake tsayawa. Mata kuwa ranar suna ba wadda ba ta zauna a kan katifar nan ba.

Masu kwana a gidan su biyu ne. Akwai ƙanwarta Zahra'u, 'yar ajin ƙarshe a sakandare, wadda shekarunta ba su kai na zaɓe ba amma siyasa ta cika mata baki. Kamarsu ɗaya da yayarta, in suka sa hijabi sai ka kira wannan waccan ta amsa. Sai kuma Iyatu, ɗiyar yayar mahaifiyarsu, wadda ta zo daga wani ƙauye can gabas wajen iyaka bayan 'yan bindiga sun tashe su. Ita ta riƙe jegon, ita ke hura wuta, ta dafa ruwan wanka, ta dama kunun kanwa. Ina ganinta kullum a bakin murhu ta ba mutane baya. Mijinta an ce ya tafi neman kuɗi kudu.

Zahra'u na sa wa ido. Na ce mata an ji ta tana cika baki wai ko ana so ko ba a so sai ta yi zaɓe bana. Yarinyar nan ta taso mini kamar za ta cinye ni. Ta ce ta faɗa, kuma wasa take yi, in ban yarda ba in duba wayarta in ga ko ta taɓa buɗe shafin. Ta cusa mini wayar a hannu ta shige ɗaki tana kuka. Ni da ban iya komai a waya ba sai kallon hotuna, na kai wa Mode a zaure, na ce ga ɓarauniyarsa na kama masa, saura ya tabbatar.

* * *

Bai nemi wani shafi ba. Ya ce in buɗe masa hotunan suna. Sun fi ƙarfin ƙirga, don Zahra'u ba ta bar kowa ba: masu tuƙa tuwo, masu raba goro, mata an jeru an ɗaga hannuwa ana nuna ƙunshi. Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa yana ƙanƙance ido. Na lura ba fuskoki yake kallo ba, ƙasan hoton yake bi, wajen ƙafafu. Na ce masa tsohon banza, matan mutane yake ƙare wa kallo. Ko gezau.

Ya tsaya a kan Zahra'u. Lallenta ya kama baƙi ƙirin har kan farce, yatsu duk a rufe. Ya ce wannan ko bayan mako biyu na'ura ba za ta ga zanenta ba, in maganar Wasila gaskiya ce. A cire ta.

Sai ya nuna mini wata a gefen hoto, rabin jikinta ma bai fito ba, tana miƙa wa wata kwanon waina. Hannun fari tas. Na ce Iyatu ce, kuma na san dalili, don ina wurin daren ƙunshi. Ita ta kwaɓa lallen, ita ta ƙunsa wa kowa, amma da leda ɗaure a hannayenta. Da aka ce saura ita, ta ce ba ta da zuciyar ado, garinsu a ƙone, miji ba ya nan. Mata suka yi ta tausaya mata.

"Dubi ƙahwatta," in ji Mode.

Na duba. Tana tsaye cikin silifas, diddige da yatsun ƙafa jajur, lalle ya kama raɗau. Sai na tuna. Matan sun matsa mata, sun ce ba a sunan ɗan ƙanwa da farar fata, ta miƙa ƙafafu aka ƙunsa, hannu kuwa ta ce aiki zai hana.

Mode ya ce mai baƙin ciki ba ta zaɓar inda za ta yi baƙin cikin. In ado ne ba ta so, ƙafa da hannu duk ɗaya ne. Aiki kuma bai hana masu tuƙa tuwon suna ƙunsa nasu ba. Wannan yatsun hannunta kawai take tsaro, kuma a gidan nan wa ya san lalle yana ɓata yatsa in ba wadda ta ji daga bakin Wasila ba? Ya ce in koma in tambayi wa ya raka Ummulkhairi shago ranar da aka cike mata.

Na koma, na tambaya kamar hira. Iyatu ce ta raka ta, don cikin ya yi nauyi. Da na fito na saci kallon bakin murhu, ta ɗago ta ce in gaida gida. Ranar na fara kallon fuskarta sosai, bayan watanni ina wuce ta. Cire rama, cire baƙin wuta, ga Ummulkhairi nan zaune. Na ji kunyar kaina.

* * *

Na so mu tafi wurin mai unguwa nan take. Mode ya ce ya san wa, bai san don me ba, kuma shi bai taɓa komawa gida daga rabin sawu ba. Mace da ko sunan 'yan takara ba ta sani ba, me za ta yi da rajistar zaɓe?

Ummulkhairi ta faɗa mini duk Laraba Iyatu takan fita da hantsi da ɗan kwanon abinci, ta ce za ta gaida 'yan garinsu da ke zaune a wani kango a hanyar Kalambaina. Larabar nan muka bar ta ta yi nisa. Mode ya riga ya ga silifas ɗinta a ƙofar gida, ƙafar hagu an yi mata faci da robar taya, tana barin zane a ƙasa. Ba mu bi ta a ido ba, don kada ta waiga. Yana gaba yana duba rairayin gefen titi, ina baya ina ɗingishi ina tsine wa gwiwata da shi baki ɗaya. Inda kwalta ta cinye sawun sai ya tsallaka ya nemo shi a bakin kwata ko gaban mai rake.

Ba ta yi hanyar Kalambaina ba. Cikin gari ta nufa, a ƙasa, ba ta hau ko Keke ba. Rana ta take sosai lokacin da sawun ya kai mu bakin wani dogon bango, muka ga layin mata da kwanoni a hannu. Gidan yari ne, ranar ziyara.

Muka raɓe a inuwar wani mai gyaran rediyo. Tana tsakiyar layi, ta riƙe wata takarda mai hoto da aka naɗe a leda, irin wadda ake ba mutum in an gama ɗaukar yatsunsa kafin kati ya fito. Gandiroba yana karɓar shaidar kowa yana rubutawa, sannan ya kira suna a shiga. Da ya zo kanta ya ɗaga murya ya ce Ummulkhairi. Ta ce na'am, ta sunkuyar da kai ta shige.

Can Mode ya ce a zamanin shanu, ƙarshen sawu ɓarawo ne da adda, ka san abin da za ka yi da shi. Ya ce a ƙauye in ana son sanin mutum, sai a tambayi tsoho ɗaya ya lissafo kakanninsa. Yanzu tsofaffin sun watse, garin ya zama toka, sai a ce mutum ya kawo takarda ya nuna an haife shi. Na ce duk na ji, amma Wasila fa? Jibi Juma'a. Ya ce ya sani, shi ya sa ƙafarsa ta yi masa nauyi.

* * *

Alhamis bayan la'asar mai unguwa ya tara mu a zaurensa. Maza a kan tabarma ta gaba, shi da Mode da Nasiru da Aminullahi. Mu mata daga ƙofar ciki, ni da Wasila da Ummulkhairi da Zahra'u, Iyatu a can ƙarshe riƙe da jaririn. Aka rufe ƙofar waje saboda 'yan leƙe.

Mode ya bi su ɗaya-ɗaya ba gaggawa. Ya ce Aminullahi ba ya shiga ɗakin jego, kuma ba ya bukatar satar ƙuri'ar da take tasa. Zahra'u yatsunta a rufe suke da lalle a makon da aka yi abin. Wasila kuwa da tana so da ta buga takarda a shagonta ba wanda ya sani, ba sai ta farko ta ɓace ba. Sannan ya faɗi maganar ƙafa mai lalle da hannu fari, bai ambaci suna ba, bai dubi kowa ba. Ya ce mai abin tana cikin zauren nan, kuma ya fi so ta faɗa da bakinta.

Iyatu ta miƙa wa Zahra'u jaririn. Ta kwance bakin zanenta ta fito da takardar cikin leda, ta ajiye a tsakiyar tabarma.

"Ni ta, Baba. Ni niɗ ɗauka."

Ta ce mijinta ba kudu ya tafi ba. Bayan an tashi garinsu aka kama shi a hanya da jarkar mai a babur, aka ce 'yan daji yake kai wa, yana tsare yana jiran shari'a. Ta ɓoye don kada a ce matar mai kai wa ɓarayi mai ce a kore ta daga gidan. Ta je ƙofar gidan yarin ba sau ɗaya ba, ana ce mata sai da shaida mai hoto. Ranar da ta raka Ummulkhairi shago, ta tambayi Wasila ko ita ma za a yi mata.

"Tac ce min katin ɗan ƙasa, nic ce babu. Takardar haihuwa, nic ce ta ƙone da ɗaki. Lasin mota, fasfo. Nig ga duk abin da aka nuna mutum da shi, ban da ko guda. Ba zaɓe nika so ba, ranka shi daɗe. So nike in gane shi da rai. Can ƙohwa ƙanwatai nika cewa nike, tunda sunan ba nawa na ba."

Ummulkhairi ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Nasiru kuwa ya miƙe tsaye yana huci, kuma abin da ya dame shi, wai sunan matarsa yana cikin littafin ƙofar gidan yari. Bai dubi inda Wasila take ba, balle ya ce ta yafe masa. Na buɗe baki zan wanke shi tas, Mode ya harare ni.

Mai unguwa ya zaunar da shi. Ya ce da Iyatu ta zo wurinsa tun farko, akwai hanya. Ana rantsuwar shekaru a kotu, ana samo takardar shaida daga ƙaramar hukuma in an sami waɗanda suka san asalin mutum, da su a yi katin ɗan ƙasa. Wasila ta ɗago kai. A hankali ta ce ta san da wannan. Ranar layi ya yi tsawo, ta karanta mata abin da ke kan allo kawai, ta ce ta matsa mai bi mata ta zauna.

Aka tsayar cewa mai unguwa zai kai Ummulkhairi da Iyatu ofishin hukuma da kansa, a bayyana abin da ya faru, a roƙi a soke rajistar a gyara, duk abin da suka yanke a karɓa. Sannan ya ciro mabuɗin shagon daga aljihu ya tura gaban Wasila. Ya ce saura abu guda, kuma hakkinta ne. Gobe bayan sallar Juma'a zai sa a yi shela a wanke ta. In tana so a faɗi sunan wadda ta yi, za a faɗa.

Kowa a zauren ya san ma'anar wannan. In aka faɗa, kafin magariba unguwa ta san Iyatu ɓarauniya ce kuma mijinta yana tsare kan zargin 'yan bindiga. Ba gidan da zai sake ba ta wurin shimfiɗa tabarma a Tudun Wada.

Na matso na raɗa wa Wasila cewa ta ce a faɗa. Na san mutanenmu. In ba a ba su wani suna sun tauna ba, nata za su ci gaba da taunawa.

"Na sani, Inna," in ji ta. Ta juya ga mai unguwa. "A ce ba ni ba ce. A tsaya nan."

Mai unguwa ya sa kowa ya yi alkawarin riƙe bakinsa, ya dube ni ya maimaita.

* * *

An yi shelar. Ya kasance yadda na faɗa. Wasu matan sun dawo shagon, da yawa ba su dawo ba. Mazan da suke turo matansu suka koma kai su wani shago a bakin titi, gaban namiji, wai gara haka. Bencin Wasila da ake rigimar wurin zama a kansa, yanzu wuni ake yi akuyar maƙwabta na kwance a ƙarƙashinsa. Ta rage kaya, ta sayar da injin buga takardar mai kala ta sayi ƙarami.

Kwanan baya ina gidan wata hajiya ina baje atamfa, aka ɗauko zancen. Hajiyar ta taɓe baki ta ce ai kowa ya sani rufa wa yarinyar asiri aka yi don marainiya ce, in ba ita ba ce a faɗi wace ce mana. Matan ɗakin suka juyo suna kallona, don sun san ina zauren ranar. Sunan yana kan harshena, wallahi har ɗacinsa nake ji. Ni Ladi da ban taɓa barin magana ta kwana a cikina ba, na naɗe atamfata na ce Allah ya sa mu dace, na fito. Sai da na kai lungu na zauna a kan wani dutse na yi kuka na haushi.

Na je na faɗa wa Wasila, na ce ta sake ni daga alkawarin nan ko na huta. Tana goge allon kwamfutarta da gefen hijabi, ba kowa a shagon. Ta ce a'a.

Don haka ko ku da na ba wannan labari, kada ku wahalar da kanku kuna tambaya a Tudun Wada. Mutanen gidan can duk aron suna na yi musu. Matar nan ma ba Iyatu ake kiranta ba.